Lino, katako, jan ƙarfe ko raga: wace hanyar bugun hoto ta dace da mai zane a Kumasi?

Hoton bugu na asali ba fotokwafin zanen fenti ba ne. Mai zanen ne da hannunsa yake sassaƙa ko karce abin da za mu kira uwar bugu, katako ne ko lino ko farantin ƙarfe, ya shafa mata tawada, ya danna takarda. Kafin a ɗaga takardar nan babu hoton a ko'ina. Shi ya sa kwafi ashirin da suka fito daga uwa ɗaya dukkansu na asali ne, kuma mai saye yake biyan kuɗin aikin hannu.

Hanyoyin huɗu ne. Akwai bugun tudu, inda ake sassaƙe abin da ba a so, tawada ta hau kan abin da ya rage. Akwai bugun rami, inda tawada ke kwanciya cikin layukan da aka karce. Akwai bugun raga, wanda masu buga riguna ke kira sikirin. Sai bugun dutse, wato litogirafi. Wanda ke zaune a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango, kafin ya tambayi wanne ya fi kyau, sai ya fara tambayar kansa ko yana da injin matsi, ko yana da inda za a bar shi ya yi amfani da shi duk mako. Amsar wannan tambaya kaɗai tana yanke rabin shawarar.

In babu inji, bugun tudu ne naka (ko na raga, da za mu zo kansa), kuma ba ƙaramar hanya ba ce da ake haƙuri da ita don rashi. Littafin bugu mafi daɗewa da ke ɗauke da kwanan wata, na ƙasar Sin a shekarar 868, da katako aka buga shi. Masu bugun Japan har yau da hannu suke murza takarda. A nan kusa ma, a Ntonso, hatimin adinkra da ake sassaƙawa daga ƙwarya a tsoma cikin ruwan ɓawon kirni da aka dafa ya yi kauri, bugun tudu ne tsantsa, kuma zanen adinkra da wani Baturen Ingila mai suna Bowdich ya samu a Kumasi a 1817 yana nan a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Marigayi Atta Kwami, mai zanen da ya koyar a jami'ar KNUST ta Kumasi shekaru da dama kafin rasuwarsa a 2021, ya yi aiki mai yawa da lino. Saboda haka ainihin zaɓin da ke gaban yawancin mutane tsakanin lino ne da katako.

Lino na gaskiya da man linsid da garin itace ake yinsa, bayansa kuma akwai saƙar algarara. Kaurinsa bai wuce milimita 3 da ɗan abu ba. Ledar ɗaki da ake sayarwa a Kejetia ba ita ba ce: roba ce mai siriri, kurfi, wato ƙarfen sassaƙa, yana huda ta, kuma tana miƙewa a ƙarƙashin cokalin da ake murza takarda da shi. Amfanin lino shi ne ba shi da jijiya irin ta katako. Kurfi yana tafiya gabas da yamma, ya yi lanƙwasa, ya yi da'ira, ba abin da ke tare shi. Wanda zanensa ya cika da lanƙwashe-lanƙwashe, kamar zayyanar allo ko aikin wuyan babbar riga, lino zai fi yi masa biyayya. A ƙasashen sanyi sai sun ɗumama shi kafin ya yanku, mu kuwa zafin gari ya ɗauke mana wannan. Matsalarsa a nan biyu ce. Daga waje ake kawo shi, kuma wanda ya daɗe a shago yana bushewa. Kafin ka biya, lanƙwasa kusurwa kaɗan ka shinshina: sabo yana lanƙwasuwa yana ƙanshin mai, tsoho yana tsagewa, in ka yanka shi gefen layi ya riƙa marmashewa. Na biyu, kada ruwa ya taɓa bayansa. Algararar tana shan ruwa ta takure, lino ya kumbura kamar kwale-kwale. A goge shi da man gyaɗa a tsumma, a bi da ɗan sabulu ta fuska kawai.

Katako kuwa muna zaune a gidansa. A kasuwar katako ta Sokoban za ka samu kowane iri, amma ba kowanne ke buguwa ba. Wawa yana da taushi da sauƙin yanka, sai dai ba ya riƙe siririn layi, kuma bayan cokali yana lotsa shi, bayan kwafi goma sha ka ga gefuna sun fara kwanciya. Ya dace da manyan siffofi baƙi da fari. Odum yana cinye kaifin kurfi nan da nan, jijiyarsa a harɗe take, ƙurarsa kuma tana shaƙe ƙirji, a bar wa masu ƙofa da taga. Mahogani yana yankuwa da kyau amma ƙofofin jikinsa a buɗe suke, suna fitowa a takarda kamar ɗige-ɗigen fari, wanda wani zai so wani ba zai so ba. Sese, wanda masassaƙan Ahwiaa ke aiki da shi, jikinsa a haɗe yake, yana da daɗin yanka, in aka samu busasshe mai faɗin da ya isa.

Abin da ya fi sauƙin samu da faɗi shi ne filawud mai kaurin milimita 9 ko 12. A nan ne araha ba ta ado. Dubi gefen allon: in fatar sama siririya ce kamar takarda, kurfi zai ɓantare ta ya faɗa cikin gam, kuma akan tarar da rami a tsakiya inda babu komai. Nemi wanda fatarsa ta kai kusan milimita ɗaya, babu faci, babu kumburi. A goge da samfefa mai lamba 220, a bi da 400, a shafa silar katako da aka tsinka sau biyu, gaba da baya. In fuska ɗaya kaɗai aka shafa, allon zai karkace da zarar damina ta kama. Kafin a sa kurfi a share fili, a fara bin gefen zanen da wuƙa mai kaifi, musamman inda layi ya gitta jijiya. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ne ke ganin tsaga ta gudu ta cinye masa rabin fuskar mutum. Allon MDF, na garin katako da aka matse, ba shi da jijiya kamar lino, yana da arha, amma yana kumbura da laima yana dakushe ƙarfe, sai an shafe shi da sila har gefuna.

Wane ne ya fi? In ana son layi mai tsabta da ƙananan bayanai a girman A4 ko A3, lino. In ana son babban aiki, rabin mita ko fiye, da jijiyar itace tana bayyana cikin baƙi kamar ruwa mai gudu, katako, kuma kuɗinsa bai kai na lino ba ko kusa. Mai koyo ya fara da lino guda biyu ko uku don hannu ya saba, sannan ya koma filawud, domin shi ne ba zai yanke masa ba.

Kayan aikin duka ɗaya ne. Kurfi mai bakin V ɗaya, mai bakin U ƙarami da babba, wuƙa, dutsen wasa mai lamba 1000 da ɓallin fata na goge kaifi, rola ta roba mai faɗin santimita 10 zuwa 15, gilas mai kauri na murza tawada, da cokalin katako ko na ƙarfe. Zurfin yanka milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Hannun da ke riƙe allo kullum yana bayan kurfi, domin yawancin raunin wannan sana'a daga dakusasshen ƙarfe ne da aka tura da ƙarfi ya zame.

Tawada ita ce inda aka fi kuskure. A ɗebi kamar ƙwayar gyaɗa biyu, a shimfiɗa a gilas, a yi ta murzawa ana ɗaga rola har sai ta yi laushi tana ƙara siririya kamar yayyafi a kan kwano. In kana jin tana ɗanƙo da ƙarfi tana tsiri-tsiri, ta yi yawa, za ta cike siraran layuka. Gara a bi allo sau huɗu da tawada kaɗan da a bi sau ɗaya da mai yawa. Tawadar ruwa irin ta 'yan makaranta tana bushewa a kan gilas cikin mintuna kaɗan lokacin hunturu, ga shi baƙinta ba ya cika. Ta mai ce ta aiki. Ana iya amfani da tawadar ofset da masu ɗab'i na Asafo ko na New Town a Akra ke saye, amma takan yi ruwa-ruwa, sai a ƙara mata garin magnisiyam kabonet kaɗan-kaɗan har ta tsaya. Da damina takan ɗauki mako guda ba ta bushe ba. Ɗigo ɗaya ko biyu na maganin busarwa na kobal cikin babban cokali na tawada ya wadatar. In aka zarce, ta bushe a kan rola, hoton kuma ya yi ƙyalli mara kyau.

Takardar murzawa da hannu ta zama mara kauri kuma mai santsi, mai nauyin giram 40 zuwa 120 a murabba'in mita. Mai kauri ba ta karɓar tawada da ƙarfin cokali, sai hoton ya fito da fari-fari kamar an barbaɗa gishiri. Kwafi ɗaya na A4 yana cin minti biyar zuwa goma na murza. Ana ɗaga kusurwa a leƙa, ɗaya hannun yana danne da takarda, inda bai kama ba a koma. Wanda ya gaji da cokali, maƙeran Suame Magazine za su iya haɗa masa matsi da jak ɗin mota tsakanin faranti biyu masu kauri, kuma yana yi wa bugun tudu aiki sosai.

In ana son launi uku ko huɗu, ko dai a sassaƙa allo ɗaya ga kowane launi, ko a bi hanyar ragewa da Picasso ya shahara da ita a ƙarshen shekarun 1950: allo ɗaya, a buga launi mafi haske, a ƙara sassaƙewa, a buga na gaba a kansa, har a ƙare da baƙi. Hanyar ragewa tana ceton lino, launuka kuma suna hawa daidai, amma babu komawa baya. In kana son kwafi 20, fara da takarda 28, don kowane zagaye yana cin nasa. A manna kwali mai siffar L a kan tebur, allo da takarda su riƙa zama a kusurwa ɗaya kowane lokaci. Kuma a lissafa kwanakin bushewa tsakanin launi da launi tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, aikin launi huɗu a watan Yuni yana iya cin wata guda.

Bugun rami wata duniya ce. Shi ne ke ba da layi siriri kamar gashi, da inuwa mai zurfi irin ta Rembrandt, tsohon mai zanen ƙasar Holan, wadda lino ba zai taɓa bayarwa ba. Wanda hannunsa na biro da fensir ne, mai son gira da tamoji da ninkin rawani, zuciyarsa a nan take. Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya da ya yi karatu a Zariya, ya yi suna a wannan fage bayan ya yi aiki da lino. Sai dai tawadar tana cikin rami ne, dole a tura jiƙaƙƙiyar takarda ta shiga ta ɗauko ta, kuma wannan sai inji mai rola biyu na ƙarfe da barguna na ulu. Cokali ba ya yi, matsin jak ma ba ya yi sai ga ɗan ƙaramin faranti. Ana iya ƙera injin a Suame, amma rololin sai an gyara su a kan injin sassaƙa ƙarfe sun daidaita sarai, in ba haka ba gefe ɗaya ya fito baƙi ɗayan ya fito fari.

In injin ya samu, a fara da busasshen karce, wanda ba ya buƙatar asid. Faranti na iya zama roba mai haske irin ta taga mai kaurin milimita 1 zuwa 2, ko bayan tsohon farantin alminiyam da gidajen ɗab'i suka gama da shi. Ana karcewa da allurar ƙarfe. Ɗan tudun da allura ke tayarwa a gefen layi shi ke riƙe tawada ya ba da laushin nan mai kama da karammiski, kuma shi ne inji ke murƙushewa. Kada a sa rai da fiye da kwafi 10 zuwa 15 masu kyau. Takarda ta zama ta auduga, giram 250 zuwa 300, irin Fabriano ko Somerset, a jiƙa ta minti 20 zuwa 30, a tsane tsakanin tawul biyu har ƙyallin ruwa ya ɓace. In ta jiƙe da yawa tawadar mai ba ta kamawa, in ta bushe ba ta shiga rami. A cusa tawada da guntun kwali, a share da yadi mai raga da aka sa wa sitaci, a ƙarasa da tafin hannu. Sharewa fiye da kima tana kwashe layi. Gefen farantin ƙarfe kuma a goge shi da zarto ya kwanta, don kaifinsa yana yanka takarda har da bargo, bargon kuwa ya fi farantin tsada.

Ecin, wato barin sinadari ya ci layin, shi ke ba da kwafi hamsin ko ɗari daga jan ƙarfe. Ana wanke maiƙon faranti da garin alli da ruwan tsami har ruwa ya kwanta bai tsinke ba, a shafa kakin kariya, a zana da allura ba tare da dannawa ba, a rufe baya da salatif, a tsoma. Ga jan ƙarfe, ferik kulorayid ne, wanda masu haɗa allon lantarki ma ke amfani da shi. Layi matsakaici yakan ci minti 20 zuwa 40, kuma zafinmu yana sa shi sauri fiye da abin da littattafan Turai ke faɗa, saboda haka a gwada da guntu tukuna. A kifa farantin ko a tsayar da shi, don laka tana taruwa cikin layi ta hana ci. Ga tutiya, giram 100 na kofa salfet da giram 100 na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa. Kada a kuskura a jefa tutiya ko alminiyam cikin ferik, yana zafi ya tafasa ya fitar da iska mai kama wuta. Asid ɗin nitirik kuwa a bar shi gaba ɗaya, hayaƙinsa yana ɓata huhu. Ga abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye: a gidan haya na zango, inda tsakar gida ɗaya ce, yara na yawo, kwata kuma ta kowa ce, bai dace a ajiye waɗannan ruwaye ba. Mai son ecin ya nemi ɗakin aiki na makaranta ko na haɗin gwiwa, inda akwai kabad mai makulli da hanyar zubar da ruwan da aka gama da shi.

Bugun raga ba ya son inji, kuma kayansa ne suka fi samuwa, albarkacin masu buga rigunan jana'iza da na siyasa. Ƙarfinsa launi ne shimfiɗaɗɗe mai haske, da sauri: in an gama shiri, kwafi hamsin na launi ɗaya ba su wuce awa guda ba. Amma kayan riga ba su ne na takarda ba. Ragar 43T ta yadi, mai zare 43 a kowace santimita, tana zubar da tawada da yawa, takarda na son 90T zuwa 120T. Tawadar filastisol sai an gasa ta da zafi kusan digiri 160, a takarda kuwa ba ta bushewa, tana barin da'irar maiƙo. A nemi ta ruwa mai akirilik da maganin jinkirta bushewa, musamman da hunturu, inda raga ke toshewa in ka tsaya amsa waya. Bayan kowane ja, a mayar da tawada ta rufe raga. A sa kwabo a ƙarƙashin kusurwar firam don raga ta ɗaga milimita 2 zuwa 3 daga takarda, in ba haka ba ta manne hoton ya yi dabbare. Ana iya gasa ragar da rana, wato a haska maganin da aka shafa mata don zanen da ke kan fim ya kama, abin da ke ceton mutum ranar dumso, in an ɗauke wuta, amma ranar tsaka tana gamawa cikin abin da bai kai minti ɗaya ba sau da yawa. A yi gwaji kashi-kashi: in bai gasu ba duk maganin ya wanke, in ya wuce siraran layuka su toshe.

Litogirafi, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796, ya dogara ne kan rashin jituwar mai da ruwa, kuma ƙaron da malamanmu ke sa wa tawadar allo shi ne jigonsa. Yana ɗaukar zanen fensir yadda yake. Amma dutsen daga waje yake zuwa, nauyinsa sai mutum biyu, injinsa daban ne, koyonsa shekaru. Ba wurin farawa ba ne. Mai son ɗanɗanawa ya gwada da takardar alminiyam ta kicin da lemon kola, zai samu kwafi kaɗan ya fahimci dabarar.

Akwai abu ɗaya da ya shafi masu rubutun Larabci da Ajami musamman. Bugun tudu da na rami duk suna juya hoto kamar madubi, dole a sassaƙa rubutu a juye. Hanya mafi aminci ita ce a rubuta daidai a takarda mai haske da fensir mai laushi, a kifa ta a kan allo, a murza baya, rubutun ya sauka a juye da kansa. A duba da madubi kafin kurfi ya taɓa, domin ɗigo ɗaya da ya koma gefen da ba nasa ba ya canza harafi. Raga ba ta juyawa: malami zai iya rubutawa da alƙalaminsa da baƙar tawada mai kauri a kan fim mai haske, a gasa, hannunsa ya fito yadda yake, har da inda alƙalami ya ɗan ja. Ga aikin rubutu zalla, raga ta fi sauran.

Sannan kowane bugu yana barin ɓatattun kwafi, da jaridun da aka share tawada da su, da ita kanta uwar bugun. In aikin na ɗauke da aya ko sunan Allah, waɗannan ba na kwandon shara ba ne. A tanadi kwali daban tun ranar farko, a tara, a ƙona a wuri mai tsabta ko a binne yadda malamai suka koyar. Ruwan wanke raga ma a tare shi a bokiti, kada ya bi kwata.

Kwafin da suka yi kyau a jera su a zaɓa, wanda bai yi daidai da 'yan'uwansa ba a fitar. A sa hannu da fensir a ƙasan hoto: lamba a hagu, kamar 3/20, suna a tsakiya, sa hannu da shekara a dama. In an ce ashirin, ashirin ne, sai 'yan kwafin gwaji biyu ko uku na mai zane da aka yi wa alama daban, sannan a ja layi a kan uwar bugun don kada a sake. A ajiye su a kwance, da farar takarda mara asid tsakaninsu, ba jarida ba, don jarida tana rina su rawaya. A nisanta su da bangon da ke tsatsafo, a sa ƙunshin silika a akwatin, a riƙa buɗewa ana sha musu iska da damina saboda fumfuna. Wajen sa firam kuma a sa kwali mai taga tsakanin hoton da gilas, domin in suka haɗu, laima tana taruwa a nan ta manne tawadar da gilashin.